Bangon Mahaifin Alhaji Nasidi

Duk wanda ya taɓa zama minti goma a ƙofar shagon Alhaji Nasidi a unguwar Mile One ya ji labarin bangon. Ba sai ka tambaya ba. Ko sayen albasa ya kawo ka, ko gaisuwa, ko kuwa ruwan Fatakwal ne ya koro ka ka fake, sai Alhaji ya ɗaga sandarsa ya nuna maka tsohon gidan mahaifinsa da ke tsallaken layi, manne da masallaci.

"Ka ga bangon can na tsakiya? Babana ya tsayar da shi tun yankin nan na Diobu yana daji. Masallacin nan da kake gani, bango uku aka yi masa. Na huɗun namu ne, aro muka ba su."

Haka kuwa ake gini a layin tun asali. Fili ya yi kaɗan, baƙi sun yi yawa, don haka wanda ya zo daga baya sai ya roƙi maƙwabci ya jingina, ya yi bango uku ya ɗora kwano, shi ke nan an zama 'yan uwa. Babu abin kunya a jingina. Amma wanda aka jingina da shi, shi ne babba, kuma a kan wannan girman Alhaji Nasidi ya shekara talatin yana kiwon tumbi. Wurinsa a sahun farko bayan liman, ko ya makara sai an buɗa masa. In an yi rigima a layi, ƙofarsa ake zuwa. In an yi baƙo daga Arewa, shi ake fara kai wa gaisuwa, shi kuma ya fara da bango kafin ya tambayi mutanen gida. Shi kansa bai ga ginin da idonsa ba, yana Kano wajen kakarsa aka yi. Ya dai taso ya ga gida ya fi masallaci tsawo, ya yanke hukunci, ba wanda ya musa masa.

To, gida ya tsufa. Damina bayan damina ta cinye shi, 'yan haya suka gudu, ɓeraye suka gaje. Alhaji ya ƙudurta rushe shi ya tayar da bene mai hawa uku, shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama. Har suna ya raɗa wa benen tun ba a haƙa rami ba, Nasidi Filaza, kuma ya sa an zana masa hotonsa ya liƙa a jikin firij.

'Yarsa Hanifa, wadda aka haifa a nan kuma take aiki a wani kantin magani, ita ta fara ɓata masa lissafi.

"Baba, gidan nan fa a manne yake da masallaci. Ba aikin masu guduma ba ne. A kira waɗanda sana'arsu ke nan, masu kayan aiki da takardar izini."

"Rushewa ma sai an yi mata digiri?"

"Na so e be, Baba," ta ce da turancin Fatakwal, wato haka abin yake. "Don Allah. Ka bari in kira Injiniya Umair ya duba kawai."

Da Umair ya iso da safe a cikin farar mota mai buɗaɗɗen baya, da hular kwano da jaka, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Alhaji, ya tambayi iyali da kasuwa da ruwa. Alhaji ya amsa yana kallonsa ta saman tabarau. Ai ya san shi. Ɗan Zailani mahauci ne, wanda uban ke rataye cinyar saniya a bakin kasuwa. Yau ga ɗan da kamfani, ana cewa shi ya sauke wani tsohon otal a tsakiyar gari ko gilashin maƙwabta bai tsage ba. Wannan labarin bai burge Alhaji ba, haushi ma ya ba shi.

Umair ya shafe awa biyu a cikin gidan. Ya auna, ya ƙwanƙwasa bango da 'yar guduma yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, ya hau silin da tocila, ya sauko duk yanar gizo a kansa. Sannan ya leƙo ya ce, "Baba Alhaji, in ba damuwa, ka ɗan shigo. Kai kaɗai."

A ɗakin da ke jikin masallaci ya ɓamɓare filasta kamar faɗin faranti biyu. Ƙarƙashinta koren fenti ne, irin na masallaci. A tsakiyar koren kuma ga taga, irin ta da, ta bulo mai huda-huda, an toshe ta da siminti.

"Baba, ba a yin taga tana kallon cikin ɗakin wani. Nan wajen masallaci ne a da. Duba kusurwar nan kuma, bulon gidan bai shiga cikin na bangon ba, zuwa ya yi ya tsaya a jikinsa. Gidan ne mai bango uku."

Alhaji ya ji kamar an zare masa kujera yana zaune. Umair kuwa, da yake shi aikinsa yake yi, ya ci gaba da bayani. Akwai ƙarfen dogo guda ɗaya, irin na layin jirgin ƙasa, da ya ratsa masallacin ya riƙe rufinsa, ya zauna a kan bangon, sauransa ya shigo cikin gidan. Za su tokare shi ta cikin masallaci, su yanke abin da ya shigo gida, su cire kwano da hannu, su sauke ginin daga sama zuwa ƙasa, a jiƙa da ruwa saboda ƙura, a killace layi. Sati uku. Za a sanar da liman tun kafin a taɓa komai.

"Bangon fa?" in ji Alhaji, da wata murya da ba tasa ba.

"Zai tsaya cak. Mu kankare masa filastar nan ma, ya koma yadda yake."

Nan take Alhaji ya hango abin. Koren bango da taga, tsirara, suna kallon Mile One gaba ɗaya. Masu keke, masu nama, matan da ke sayen tattasai, da duk wanda ya taɓa fakewa a shagonsa ya sha labari. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da motar albasarsa ta kife a hanyar Lokoja.

"Mayar da filastar nan," ya ce.

"Baba, ba ta mayuwa."

Alhaji ya jawo wani tsohon kabad da kansa, yana nishi, ya rufe wurin. Da suka fito, sai ya ɗaga murya yadda na ƙofar shago za su ji. "Aikinku na 'yan boko ya cika surutu. Sati uku a kan gidan da iska ma za ta iya turewa! Je ka, Allah ya yi albarka. Ka gaida babanka."

Umair ya sake durƙusawa. "To Baba. Amma don Allah, ko wa zai yi, kada a ja ƙarfen nan."

A layin nan labari ba ya kwana. Washegari sai ga Ɗanjuma, ƙanin matar Alhaji, mai sana'ar gwangwan a bayan Kasuwar Oil Mill, ya zo yana dariya tun daga nesa.

"Haba Yaya Alhaji! Muna raye za a kira bare? Ni ba na karɓar komai a hannunka. Mu sauke maka gida cikin kwana biyu, mu kwashi ƙarfenmu, kowa ya huta."

Tsarin 'yan gwangwan ke nan ko'ina: ba a biyan su, ƙarfen cikin ginin shi ne ladansu. Alhaji ya ga mafita ta zo har gida. Kwana biyu, ƙura ta tashi, bango ya zama tarkace kafin wani ya ga launinsa. Sai ya kawo sabon bulo ya tayar wa masallaci sabon bango, kyauta, kowa na gani. Daga ranar, in ya ce bangonsu ne, gaskiya ya faɗa. Har ya ji kansa wani irin mutumin kirki. Batun ƙarfen dogo kuwa, ya ce a ransa ɗan mahauci ne ke kambama abu don a ce ya yi karatu. Rufin kwano nawa nauyinsa yake?

Ya miƙe a gaban mutanen da ke zaune a kan benci, ya buga sanda a ƙasa. "Ku shaida. Duk ƙarfen da ke gidan ubana na ba Ɗanjuma, daga ƙusa har rodi."

Aka shaida.

Hanifa ta yi magana har ta gaji. Ta yi da Hausa, ta yi da turancin Fatakwal, ta sa uwarta ta yi. Alhaji ya ce tun kafin a haife ta ake rushe gidaje. Bayan la'asar kuma Liman Kallamu ya tsallako layi a hankali. Tsoho ne da ya haura tamanin, ya zo garin nan yana saurayi, kuma ba a taɓa jin ya kunyata kowa ba. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta kai ta kawo, har aka rasa abin tambaya.

"Alhaji, na ji za a taɓa gida."

"Za a taɓa, Allah gafarta Malam."

"To, madalla. Wato bangon nan... ina tuna wani zamani da iska ke shigo mana ta wannan ɓangaren, in an yi zafi..."

"Af, Malam ka tuna mini! Fanka huɗu zan sa muku. Da sabon kafet."

Liman ya dubi ƙasa, ya ja carbi biyu uku, ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya sa a yi lafiya. Ya tashi ya koma. Da ya ƙara kalma biyar da an huta, amma kara ta hana shi.

Ranar Litinin da hantsi Ɗanjuma ya iso da ƙarti goma sha biyu da tsohuwar tifa. Babu mai hula, babu mai takalmin kirki, sai guduma da ƙarfin tuwo. Yadda suke aiki kuwa, mai hankali in ya gani sai ya matsa baya. Su ba ginin ne a gabansu ba, abin cikinsa suke nema. Ƙofofi suka fara cirewa, sai tagogi, sai kwano, sannan suka shiga fasa ginshiƙai suna zare rodi alhali abin da ginshiƙan ke ɗauke da shi yana nan a sama. Mutane suka taru. Masu keke suka tsaya, fasinja na zagi. Alhaji na tsaye da babbar riga yana nuni da sanda, idonsa na kan kabad ɗin nan.

Can sai aka ji ihu daga sama. Sun ga ƙarfen dogo. Ɗanjuma ya hau da kansa, ya shafa shi kamar wanda aka nuna wa amarya, don wannan guda ɗayan ya fi duk tarkacen da suka tara tun safe. Amma Ɗanjuma, duk son ƙarfensa, yana tsoron Allah daidai gwargwado. Ya bi ƙarfen da ido, ya ga inda ya nufa, ya tsaya a kan bango ya ƙwala murya.

"Yaya Alhaji! Ƙarfen nan fa ya ratsa ya shiga masallaci. Na gida ne ko na masallaci? In na masallaci ne, wallahi ba na taɓawa!"

Layi kaf ya juyo wajen Alhaji. Ga liman a bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Ga Hanifa ta baro kanti ta zo, tana girgiza wa uban kai. Ga 'yan benci, shaidun jiya da na shekara talatin. Abin da ake nema a bakin Alhaji bai fi kalma uku ba, kuma ya san su, suna nan a kan harshensa.

"Babana ne ya sa shi," ya ce. "Bangon namu, ƙarfen namu. Cire abinka."

Ladan ya shiga ya tabbatar ba kowa a ciki, ya kwaso Alƙur'anai da agogon bango, Allah ya yi masa albarka. Aka ɗaura sarƙa a ƙarfen, aka ɗaura a gindin tifa. Direba ya taka. Tifa ta yi gurnani, ta yi tari, ta zabura. Ƙarfen ya taho, bangon ya biyo shi, ya kifa a cikin filin gidan, fuskarsa a ƙasa, kabad da kore da taga duk a ƙarƙashi.

Sai a faɗi gaskiya: abin da Alhaji ya fara ji daɗi ne. Har ya soma cewa alhamdu lillahi. Bai kai ƙarshe ba rufin masallacin ya yi wata ƙara, ya lotsa a tsakiya, ya durƙusa a hankali, ya ja bangon gabas ya tafi da shi. Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, babu abin da ke tsaye sai ƙofa da bango ɗaya da rabi, da jerin butoci a waje ko ɗaya bai faɗi ba.

Salati ya kaure. Wata mai sayar da ganyen ugu ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Chineke! Dem don break church of Hausa people!" wato wayyo Allah, an rushe cocin Hausawa. Ɗanjuma ya yi inna lillahi sau uku da zuciya ɗaya, sannan ya sa aka loda ƙarfen, tunda an riga an shaida. Kafin azahar shi da mutanensa sun ɓace. Babu sauran ƙarfe a wurin, saboda haka a wajensu aiki ya ƙare, tarkace kuma na mai gida ne.

Lokacin salla ya yi, hadari ya haɗo, jama'a na tsaye da butoci suna kallon Alhaji. Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa, sai bakinsa ya yi abin da ya saba, ya yi girma.

"Ga filina nan! A share a yi salla a ciki, kafin in gyara muku naku."

Aka yi kabbara.

Hanifa ce ta kira Umair. Ya zo da katafila da mutanensa masu huluna, suka killace wuri, suka sauke abin da ya rage yana lilo, suka kwashe tarkace cikin kwana huɗu. Bai ce wa Alhaji ai na faɗa ba. Durƙusawa ya yi ya gaishe shi kamar kullum, wannan kuwa ya fi cin rai.

Aka kafa tampol a filin Alhaji, na wucin gadi. Sati na farko wani ya kawo tabarmi. Na biyu 'yan nama suka ce taɓo na ɓata wa mutane kaya, suka zuba siminti a ƙasa. Wani bawan Allah da ba a san ko wane ne ba ya aiko da tankin alwala. Aka ɗaura lasifika a jikin falwaya. Filin ya ninka tsohon masallaci biyu, don haka masu salla a bakin titi suka samu wuri, sahu ya ƙaru. Tsohon wurin kuma, da yake an share shi, malamin Islamiyya ya ga bai kamata ya zauna haka ba, ya jera benci.

Bayan wata biyu Alhaji ya gyara murya a gaban dattawa ya ce, to, batun bene fa, ga bulo ya iso.

Suka dube shi. Suka dubi juna.

"Wato a tashi masallaci ke nan, Alhaji?" wani ya tambaya a hankali.

"A'a, ba haka nake nufi ba..."

"Ai mun sani! Mun san ba za ka faɗi haka ba. Ɗan wanda ya ba da bango?"

Ranar Juma'a aka sanar a lasifika cewa Alhaji Nasidi ya sadaukar da filin mahaifinsa, har da bulo. Shi dai bai tuna ranar da ya faɗi haka ba. Aka yi ta tururuwa zuwa shagonsa ana yi masa addu'a, yana amsa amin da ƙyar kamar mai haɗiyar magani. Hanifa ta cire hoton Nasidi Filaza daga jikin firij.

Jama'a suka ba Umair aikin ginin. Wata safiya, gini ya kai kafaɗa, Alhaji na zaune a ƙofar shago sai ya ga magina na ɗaga wani abu suna saka shi a bangon da ke kallonsa. Taga ce ta bulo mai huda-huda, gefe ɗaya ya ɗan ɓare, an fasa simintin da ya toshe ta, koren fentinta na nan. Liman Kallamu na tsaye yana nuna musu inda za ta zauna. Da ya gama sai ya tsallako, suka gaisa, ya zauna a bakin benci.

"Yaron nan Umair ne ya tsinto ta a cikin tarkace, na ce a mayar mana. Shekara hamsin ba ta sha iska ba. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ranar da ya zo roƙon a bar shi ya jingina, ni na riƙe masa tsani ya toshe ta."

Alhaji ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Wa da wa ya sani, Malam?"

Liman ya yi mamakin tambayar. "Ai kowa, Alhaji. Manya sun gani, sun faɗa wa yara. Mun ga kana jin daɗin labarin ne, muka ce me za a fasa."

Ya yi sallama ya tafi. Ruwa ya fara saukowa, wani baƙo da jaka ya rugo ya fake a rumfar shagon, ya karkaɗe rigarsa, ya dubi sabon ginin ya ce kai, wannan masallaci zai yi kyau, wa ya ba da wuri haka a tsakiyar Mile One?

Sandar na jingine a gefen kujera. Alhaji Nasidi ya dube ta, ya dubi tagar, ya ce wa baƙon, "Albasa za ka saya?"